Zo Mu Zaga Fili

Ranar Talata Torsten ya aiko a kira ni, ni kuwa tun ina hawa matattakala na san zancen. Wasa tara a jere ba mu ci ko ɗaya ba, muna can gindin teburin gasar ƙwallo, saura ƙiris a koro mu rukunin ƙasa. Ofishin nasa ma ba wani ofishi ba ne, ɗan ɗaki ne a saman kantin kulob, inda hayaƙin suyar tsiran alade yake hawa ya kama labule. Torsten Averbeck shi ne shugaban kulob ɗinmu na Eickenbruch. Shekararsa arba'in da biyar, tayar mota yake sayarwa, kuma na san shi tun yana yawo da majina a hanci.

"Zauna mana, Egon."

"Bar ni a tsaye, ƙafata ba ta gaji ba," na ce masa. Ƙarya nake yi. Ƙafata ta gaji tun shekara goma da suka wuce.

Ya yi ta juya kofin gahawarsa a kan tebur. Can ya ce kwamiti ya zauna jiya, mutum bakwai, kuma hannu bakwai aka ɗaga. Reinhold zai sauka daga koci. Ni, mataimakinsa, zan riƙe yaran zuwa ƙarshen kaka.

"To madalla," na ce. "Ga waya nan a gabanka. Ko ka manta lambar gidansa in karanto maka?"

"Kai za ka gaya masa."

"Ni? Ni ne shugaba? Da hannuna aka ƙirga jiya?"

"Egon, don Allah tsaya ka ji. Tun kafin zaman na gwada nuna masa alama, ranar Lahadi bayan wasa. Yana ɗagowa ya dube ni sai na koma ɗan shekara ashirin da uku. Ka san me na ce masa? Cewa na yi, Koci, ya gwiwa. Na wuce." Ya shafa sanƙonsa. "In ba ka gaya masa ba zuwa Alhamis, ranar Juma'a sakatare zai aika masa wasiƙa, irin wadda ake sa hannu kafin a karɓa. Haka dokar kulob ta ce, ba ni na rubuta ta ba."

Wasiƙa! Mutumin da ya fara buga ƙwallo a filin nan tun kafin a haifi uban wasu 'yan kwamitin, shi za a tura wa ɗan gidan waya ya ce masa sa hannu a nan. Na zagi Torsten, na zagi kwamitin, na haɗa da tayoyinsa. Ya zauna yana saurare kamar ana karanta masa jarida. Ya san zan yarda, ni ma na sani.

Ni da Reinhold Sobotta layi ɗaya aka haife mu, a gidajen ma'aikatan haƙar kwal. Bango ɗaya ya raba kicin ɗin uwata da na uwarsa, in an mare shi a can ni nake jin ƙarar a nan. Tare muka fara ƙwallo a filin nan na jar toka. Duk wanda ya taɓa wasa a garinmu, ce masa ya naɗe wando, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a ƙarƙashin fatar gwiwarsa, tokar ce ta yagi fata ta shiga ta zauna. Tawa tana nan, ta Reinhold ma tana nan, duk da likitoci sun yanka gwiwar sau huɗu.

Ni gola ne, kuma ban taɓa zama gola na kirki ba, gara in faɗa da bakina. Shi ɗan baya ne. Ba shi da gudu, ba shi da salo, amma in ya manne wa mutum sai mutumin ya tsani ranar da ya koyi ƙwallo. Yana ɗan sha tara wani mai neman 'yan wasa, da doguwar kwat, ya zo kallo, ya tafi da shi. Shekara takwas ya yi a rukuni na biyu, biyu a babban lig. Wasa talatin da ɗaya ya buga a babban lig, ya ci ƙwallo ɗaya tak, ita ma da ƙeya, bai san ta shiga ba sai da ya ji ana rungumarsa. Ni kuwa na bi ubana cikin ramin kwal, ranar Asabar in fito in kunna rediyo in ji ko za a ambaci sunansa.

Yana ɗan ashirin da tara gwiwar ta tafi. Ya yi shekara guda yana jinya, ya dawo yana ɗingishi yana cewa ya warke. Wata rana bayan atisaye, ya fito daga wanka ke nan, daga shi sai tawul, manajan kulob ya leƙo ɗakin canja kaya ya ce, "Sobotta, ba za mu sabunta kwantiraginka ba, ka biya ofis ka karɓi takardunka." A gaban mutum ashirin. Reinhold ya ce min bai san lokacin da kuka ya ƙwace masa ba. Ya tsaya tsirara da tawul yana kuka, kowa ya sunkuyar da kai yana neman safarsa. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin nan, kuma ba korar ce ta tsaya masa a wuya ba. Kukan ne, da idon da ya gani.

Daga nan ya yi kwas ya zama koci. Shekarar da aka rufe raminmu ya zo ya same ni ina zaune a kicin ina kallon bango.

"Tashi, ragon gola," ya ce. "Ina neman wanda zai ɗaukar min buhun ƙwallaye, kuma kai kaɗai na sani da ƙwallo ba ta taɓa zama a hannunsa ba, ka ga sai ka koya."

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗauke da buhun nan. Kulob goma sha ɗaya muka yi. Mun zauna a kudu inda ba ma jin rabin abin da suke faɗa, mun zauna a bakin teku inda iska take dawo wa gola da ƙwallon da ya buga. A can ne muka hau da wani ƙaramin kulob zuwa rukuni na biyu, aka ɗauki Reinhold a kafaɗa, aka yi masa wanka da giya har agogonsa ya tsaya. Wata goma sha huɗu bayan nan suka kore shi. Sau bakwai ana korarsa. An kore shi ta waya, an kore shi da takarda, akwai lokacin da matar shugaban kulob ta yi masa jaje a shagon burodi alhali shi bai ji ba tukuna. Akwai kuma wanda muka ji a rediyon mota, ina tuƙi, muna kan hanyar zuwa atisayen kulob ɗin da ya kore mu. Ya ce min, "Ci gaba da tafiya, aƙalla mu ɗauko takalmanmu." Matarsa Gisela tana da kwalaye biyar da ba ta taɓa buɗewa ba, daga gidan haya zuwa gidan haya.

Amma shi bai taɓa sallamar ɗan wasa ta waya ba, ko a ofis, ko a gaban wani. Yana da tasa hanyar, kuma duk wanda ya yi wasa a ƙarƙashinsa ya san ta. Bayan atisaye zai dafa kafaɗar mutum ya ce, "Zo mu zaga fili." Shi ke nan. Za su tashi daga ƙofar ɗakin canja kaya su bi gefen layi a ƙafa. Rabin farko Reinhold ne yake magana, zai gaya wa mutumin abu guda na gaskiya da ya iya, ba daɗin baki ba. In sun kai tutar kwana ta can nesa, wadda ta fi kowacce nisa da ƙofa, sai ya tsaya ya faɗi maganar a numfashi ɗaya, babu kwana-kwana, babu amma. Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Rabin da ya rage na mutumin ne.

"A rabin nan yake da ikon ya zage ni, ya zagi uwata, ya yi kukansa," in ji shi. "Kafin ya iso ƙofa ya gyara fuskarsa. Ba wanda zai ga abin da bai kamata ya gani ba."

Na ga masu zagi, na ga masu kuka. Wani ɗan gaba ya taɓa kai masa naushi a kunne, Reinhold ya ƙarasa zagayen da shi yana riƙe da kunnen. Torsten ma an zaga da shi. Yana ɗan ashirin da uku ya biyo mu wani kulob na rukuni na uku da burin zama ƙwararre, Reinhold ya gaya masa a kwana cewa ba zai kai ba, ya koma gida ya koyi sana'a tun da ƙuruciyarsa. Torsten ya yi amai a gindin tutar.

Ni aikina a ƙofa yake. Da zarar na ji an ce zo mu zaga, sai in kora sauran yaran cikin wanka, in rufe ƙofa, in tsaya a waje da kofin shayi mai zafi a hannu ina jiran wanda zai iso. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa zagawa da kowa ba. Daga nesa nake gani.

Shekara huɗu da suka wuce waya ta daina ƙara. Manyan kulob suna son yara masu kwamfuta, ba tsoho mai littafin aljihu da guntun fensir ba. Sai muka dawo gida Eickenbruch, rukuni na shida, inda 'yan wasanmu suke zuwa atisaye da kayan aiki a jiki, wannan mai gyaran famfo, wancan direban bas. Gisela ta buɗe kwalayenta biyar, ta jera komai. Sanyi biyu ta yi a gidan ta rasu.

Tun daga lokacin, atisayen ƙarfe biyar da rabi, Reinhold ƙarfe biyu yake zuwa. Zai ɗauki tabarmar ƙarfe ya yi ta jan ta a kan toka yana daidaita fili, alhali akwai wanda aikinsa ke nan. Ba ya son komawa gidan, abin da ke nan, kuma kowa ya sani. Sannan sunaye suka fara zille masa. Kyaftin ɗinmu Kerim, mai 'ya'ya biyu, sai ya kira shi Jupp, wani da ya buga mana shekara ashirin da biyar da suka wuce. Sai na koyi tsayawa daf da kafaɗarsa ta hagu, in na ga ya buɗe baki ya tsaya, in raɗa masa sunan. Shekara guda ina yin haka, ina ganin ba wanda ya lura. Ranar Lahadin da ta wuce ya ce a fitar da mai lamba bakwai, alhali mai lamba bakwai yana zaune kusa da shi a benci, shi da kansa ya fitar da shi minti goma kafin nan. Yaron ya dube ni, na dube shi.

Akwai abin da zan faɗa, ko da yake ba daɗi. Lokacin da Torsten ya ce ni zan riƙe yaran, kafin in fara zaginsa, wani abu ya yi tsalle a ƙirjina. Daɗi na ji. Ni, Egon Matuschek, mai shekara sittin da takwas, mai ɗaukar buhu, za a kira ni Koci. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, kuma kunyar abin ta hana ni cin abinci ranar Laraba. Matata Waltraud ta ɗauke farantin ta ce, "In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, ka daina hukunta dankalina."

Ranar Alhamis aka wuni ana yayyafi. Tokar ta jiƙe ta yi duhu, tana manne wa takalmi. Reinhold ya sa yaran suka yi ta maimaita tsaron kwana, yana tsaye da tsohuwar rigar ruwansa mai shuɗi, usur a wuya. Sau biyu na raɗa masa suna. Ƙarfe bakwai saura ya busa tashi, da sauran haske. Yaran suka fara tattara ƙwallaye.

Na matsa kusa da shi. Hannuna ya ƙi ɗaguwa zuwa kafaɗarsa, sai na kama gefen rigarsa kamar mai roƙo.

"Reinhold, zo mu zaga fili."

A hankali na faɗa, amma Kerim yana kusa, ya tsaya cak da ƙwallo biyu a hammata. Reinhold ya dube ni. Ya cire usur daga wuyansa, ya naɗe igiyar a hankali, ya sa a aljihu.

"To," ya ce. "Mu je."

Muka tashi daga ƙofa, muka bi gefen rumfar 'yan kallo. Yana jan ƙafar dama, ni ina rage tafiya don kada ya gane ina jiransa. Na san tsarin, rabin farko sai a faɗi abu guda na gaskiya. Kwana biyu ina shirya abu gudan nan, amma da na buɗe baki sai komai ya zubo. Na tuna masa ƙwallon ƙeya. Na tuna masa wankan giya. Na tuna masa ranar da motar kulob ta mutu a kan dusar ƙanƙara muka tura ta da 'yan wasa sha takwas, muka isa a makare, muka kuma ci wasan.

"Kunnen doki aka yi," ya ce.

"Ci muka yi."

"Ɗaya da ɗaya. Golanka ne ya saki ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a minti na tamanin da takwas. Kai ka horar da shi, ai dole."

Dubi wannan. Mutumin da ba ya iya riƙe sunan kyaftin ɗinsa, amma ya riƙe minti na tamanin da takwas na shekara ashirin da shida da suka wuce. Na yi dariya, dariyar ta fito a karkace.

Muka wuce bayan raga. Ga tutar kwana ta bakin layin dogo tana matsowa, inda jiragen kwal suke wucewa da can, yanzu ciyawa ta cinye ƙarfen. Muka iso. Reinhold ya tsaya. Ni ma na tsaya. Na shirya kalmomin, guda bakwai ne kacal, na ƙirga su a gado. Na buɗe baki.

"Tutar nan ta yage," na ce. "Ya kamata a canja ta."

Ya dubi tutar. "Ta yage," ya ce.

Bai motsa ba. Sai ya dafa sandar, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwar nan tasa, ya kunce igiyar takalminsa wadda lafiyarta ƙalau, ya sake ɗaurewa. Ya kunce ta ɗaya ƙafar ita ma. Ina tsaye a kansa ina kallon ruwa yana ɗiga daga gashinsa zuwa wuyan riga. Ina ganin ƙeyar nan da ta ci ƙwallo a babban lig, duk ta yi furfura ta yamutse. Na kasa. Wallahi na kasa. Ya gama, ya miƙo hannu na ɗaga shi, muka ci gaba da tafiya.

Muka shiga rabi na biyu. Sai ƙarar toka a ƙarƙashin takalmi. Ina ta ce wa kaina, a tsakiyar layi zan faɗa. Muka wuce tsakiyar layi. Na ce to a kwana ta gaba. Muka wuce ta. Sai na tuna ɗan gidan waya da jakarsa da biro a hannu, gobe da safe, yana danna ƙararrawar gidan da Gisela ta jera kaya. Saura taku ashirin mu isa ƙofa na ja burki.

"Sun sauke ka, Reinhold. Kwamiti ya zauna. Ni suka ce in riƙe."

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na so. Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi ƙofar. Suna nan dukkansu. Mutum sha tara a tsaye cikin yayyafi, da jesi a jiƙe, ba wanda ya shiga wanka. Wa zai kora su? Mai korar yana nan yana shirme a kan layi. A sama kuma labulen ofis ya ɗan buɗe.

Reinhold ya dube su. Na ga haɓarsa ta fara rawa, leɓensa na ƙasa ya shige ciki. Nan da nan ya juya musu baya, ya fuskance ni, ya kama hannun rigata ya matse har na ji farcensa.

"Kai wane irin jaki ne?" Muryarsa can ƙasa, tana karyewa. "Shekara talatin da ɗaya kana tsaye a ƙofar can, me kake kallo? Tsuntsaye? A kwana ake faɗa, Egon. A kwana!"

"Na sani."

"Ka sani! Na tsaya maka. Na durƙusa a kan gwiwar nan, takalmi biyu na kunce maka. Kana tsammanin ban san abin da ya kawo mu ba? Tun Lahadi na sani. Na shirya, da ka faɗa a can da yanzu na gama." Ya ja numfashi, bai shiga daidai ba. "Yanzu da wace fuskar zan wuce ta gabansu? Taku ashirin ka bar min. Me zan yi da taku ashirin?"

Idonsa ya riga ya cika, ruwan da ke kumatunsa ba na sama ba ne kaɗai. Abin da ya shekara arba'in yana kare mutane daga gare shi, ni amininsa na kawo shi bakinsa.

"Juya," ya ce. "Baya za mu koma. Ta inda muka fito."

"Gwiwarka fa? Fili guda ne cur."

"Rufe min baki. Ka gama naka. Sauran nawa ne."

Muka juya, muka bi sawunmu. Ba a taɓa zaga filin nan ta wannan hannun ba. Ya riƙe kansa har muka wuce kwanar farko, kafaɗa a miƙe, don masu kallo ta baya. Daga nan ya saki. Bai yi ƙara ba, kafaɗun ne kawai suke tsalle, yana jan hanci kamar mai mura. Ya zagi kwamiti ɗaya bayan ɗaya, kuma abin mamaki bai manta sunan ko ɗaya ba. Ya zagi gwiwarsa. Ya zage ni, ya ce ko buhun ƙwallaye ban taɓa ɗaurewa daidai ba. Ya ce, "Me zan yi da ƙarfe biyun rana, Egon? Gaya min. Me ake yi da ita?" Na buɗe baki, ya ce, "Ban ce ka amsa ba."

Wajen tsakiyar layi ƙafar ta ƙi. Ya sa hannu a kafaɗata ya jingina, nauyinsa duk a kaina, muka ci gaba kamar masu fitowa daga asibiti. A tutar bakin layin dogo ya tsaya ya fyace hanci da hankicinsa mai layi-layi, ya goge fuska, ya ninke shi huɗu.

"Na san kana raɗa min sunaye," ya ce. "Tun bara. Numfashinka warin albasa yake yi."

Na yi shiru, tunda an ce in yi.

"Kuma na san ka ji daɗi da suka ba ka. Kada ka yi min wannan fuskar, ni ma da na ji. Mai ƙafar hagun nan, kyaftin, wa yake da suna?"

"Kerim."

"Kerim. Ka dawo da shi tsakiya. Ni na kai shi gefe, kuskure ne, girman kai ya hana ni gyarawa."

Muka bi bayan raga, muka shiga gefen rumfa. Haske ya fara raguwa. Yana tafiya yana gyara wuyan riga, ya shafa gashinsa baya da tafin hannu. Sannan ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Na saci kallon fuskarsa. Ta dawo, fuskar nan ta dutse da 'yan jarida suka sha ɗauka a rana bakwai daban-daban.

Ƙofar babu kowa. An rufe ta, daga ciki ana jin ƙarar ruwan wanka. Mutum ɗaya ne a waje, daidai inda nake tsayawa. Torsten ne, ba ko rigar ruwa, ya jiƙe sharkaf, da kofin shayi a hannu ya rufe bakin kofin da ɗaya tafin don kada ruwa ya shiga.

Reinhold ya karɓi kofin ya kurɓa.

"Sukari ya yi yawa," ya ce. "Kuma tutar kwana ta can ta yage, Shugaba. A canja ta kafin Lahadi, abin kunya ne a gaban baƙi."

"To, Koci."

Ya shanye, ya miƙa masa kofin. Bai shiga ɗakin ba. Ya ɗauki jakarsa da ke rataye a bakin ƙofa, ya nufi get yana jan ƙafa. Na bi shi, ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Ina za ka? Yaranka suna ciki."

Ranar Lahadi na dawo da Kerim tsakiya. An sa sabuwar tuta, ja fes. Aka ci mu biyu da nema. Ana cikin rabi na biyu ɗan bayanmu na dama ya bar mutuminsa ya wuce, sai na ji na karkata hagu na raɗa, "Niklas ne, Niklas." Na jira in ji an daka masa tsawa. Alƙalin wasa ya busa, aka ci gaba, ni ina nan a karkace da bakina kusa da kafaɗar da ba ta nan.